Kwalaben Kawu a Hindawiyya

Ranar da Kawu ya rasu, abin da na fara ji daga bakin mutanenmu na Jidda tambaya ce. Wata mai sayar da turare a kasuwar Balad ta kira ni, ta yi min gaisuwa a gurguje kamar ana korarta, sannan ta sauke murya ta ce, "To mukayyif ɗin nan mai sanyaya falo fa, nasa ne ko na mai gida?" Gawar tana asibiti a lokacin, ko takardar izinin binnewa ba ta fito ba. Na kashe wayar, don abin da ya zo bakina bai dace da ranar ba.

An yi masa salla bayan la'asar, maza suka kai shi. Kafin magariba an jera kujeru a layinsu na unguwar Hindawiyya, ana zagayawa da gahawa da dabino, mu mata muka cika falonsa har bakin ƙofa. Jama'a kam ta zo, ba zan yi ƙarya ba. An ci shinkafa da rago hannu baka hannu ƙwarya. Kowacce ta shigo sai ta ce, "Allah Ya jiƙan Dakta," ta zauna, ta ɗan jima, sannan ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Wai shi likitan mene ne ma?" Da kunnena na ji wata ta ce likitan kifi ne. Wata ta ce a'a, man fetur yake nemo wa Turawa a ƙarƙashin ruwa. Wata kuma, bakinta cike da nama, ta ce, "Ni dai na san gadin ƙanƙara ya yi." Falon ya ɗauki dariya, sai aka tuna makoki ake yi, aka gimtse.

Mutumin nan ya tsufa a tsakaninsu. Ya je sunan 'ya'yansu, ya raka gawar iyayensu. Amma ba wanda ya san aikinsa, saboda ba wanda ya taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni 'yar ƙanwarsa, nas a wani asibiti a garin nan. Kabari a ƙasar nan ba a sa masa suna. Matarsa ta riga shi, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Abu ɗaya ya bari da yake so ya wanzu bayansa, wasu kwalabe ne na ruwa a cikin kabad, kuma ni ya damƙa wa amanarsu. In ban faɗi abin da ya same su ba, ƙazamin labarin da ke yawo a Hindawiyya yanzu shi zai zama labarinsa.

Kawu yayan Innata ne, ɗan Maigatari, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba sai da gemu ya fito masa. Yana saurayi aka yi farin da ya cinye shanun kakanmu. Ya ce min ya tsaya yana kallon ungulu a kan saniyar da ya sha nononta, ya tambayi kansa, wai ina ruwan ya tafi? Kowa ya yi tambayar nan a shekarun, kowa kuma ya ajiye ta da damina ta dawo. Shi ya ƙi ajiyewa. Ita ta kai shi jami'a, ta kai shi Turai, ta ɗora shi a jiragen bincike masu yawo tsakanin Norway da Girinlan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zura kwalabe cikin teku da wayar ƙarfe. Da gwiwoyinsa suka daina jure jirgi ya samu aikin koyarwa a Jidda, daga baya ya koma ba wani kamfani shawara kan ruwan da ke kewayen tashar jiragen ruwa. Ya kan ce ya zo ne ya kusanci Ɗakin Allah, ya kuma narkar da ƙashinsa.

Zuwana na farko, iƙamata, takardar izinin zama, ta maƙale a hannun kafili, wanda ya tsaya min na shigo ƙasar, na zauna a gidansa ina jira. Ko akwatina ban gama kwancewa ba ya kira ni kicin. Kawu bai taɓa rabuwa da ƙanƙarar zoɓo a firjinsa ba, kuma ba don sha yake yin ta ba. Ya cika wani faffaɗan kwanon gilashi da ruwa mai ɗumi, ya jefa ƙanƙarar a gefe guda.

"Sunkuyo ki gani, 'yar nan."

Na sunkuya. Jan ruwan ya sulale ƙasa, ya bi gindin kwanon yana rarrafe zuwa ɗaya gefen.

"Haka teku yake yi," in ji shi. "Akwai kogi a cikin teku. Yana ɗaukar ɗumi daga wajenmu ya kai arewa ta sama. Can ya huce, sanyi da gishiri su sa ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo ta ƙasa."

Ya zubar, ya sake cika kwanon, wannan karon ya dama gishiri a ciki, ya jefa wata ƙanƙarar. Jan ya tsaya a sama, ya bazu, ya ƙi sauka.

"Ƙanƙarar da ke narkewa a can ba ta da gishiri. In ta yi yawa ta rufe saman, nutsewar ta ragu, kogin ya yi sanyin jiki. In kuwa ya yi sanyin jiki, ana tsoron damina ta ja baya daga ƙasarmu ta yi kudu."

Na ce, "Haba Kawu, daga Girinlan har Maigatari?"

Ya ce, "Har gonar ubanki."

Na tambaye shi ko tabbas ne. Ya ɗaga kafaɗa ya faɗi kalmar da ta fi kowace zama a bakinsa: "Ba mu gama sani ba tukuna. Shi ya sa ake aunawa."

Ba zan mayar da shi waliyyi ba don ya mutu. Kawu yana da gajiyarwa. Mai gyaran famfo ya sha kwanon nan, baƙin Umra da suka shigo shan ruwa sun sha shi, har wani ango da ya zo gaisuwa da abokansa sai da aka sunkuyar da shi a kan zoɓo. A layin ana cewa in ka ga Dakta ya nufi firji, ka fara laluben takalminka. Bai gina ko ɗaki ɗaya a gida ba, abin da ya daɗe yana ci wa Inna rai. Yana da taurin kai, in ya kafe a kan magana ko limami ya haƙura. Amma bai taɓa cewa ya san abin da bai sani ba, kuma na daɗe a duniya kafin na gane irin mutanen nan ba su da yawa.

Hannunsa na hagu babu kan yatsu biyu. Wata rana ce saman jirgin ya daskare, wayar da ke jawo kwalaben ta kama safar hannunsa. In yara suka tambaye shi sai ya ce, "Na bar su can ne su ci gaba da yi min aiki." Kowa a Hindawiyya ya ji wasan nan, kowa ya yi dariya. Ku riƙe shi, zai dawo.

Yana ba da labarin azumin da ya yi a inda rana ta ƙi faɗuwa, ya bi lokacin Makka, kukun jirgin yana ajiye masa abinci a kan tukunyar ruwan zafi yana girgiza kai. Yana ba da labarin alwala da ruwan da ke sa haƙora rawa. In aka kunna mukayyif wani ya ce sanyi ya yi yawa, sai Kawu ya dube shi da tausayi.

Rigimarsa da Baffa kuwa tsohuwa ce. Baffa ƙanin mahaifina ne, ya daɗe a Jidda yana kula da wani sito a tashar jiragen ruwa, shi ne babbanmu a nan. Ranar wata babbar Salla muna cin nama Kawu ya kawo zancen ƙanƙara, Baffa ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Ya Dakta, halas mana, ya isa! Ruwan sama Allah ke saukar da shi. Kai da Turawanka kuna neman ku shiga hurumin da ba naku ba."

Kawu ya ce, "Na taɓa ce maka ba Shi ba ne? Jirgin da ke shigowa tasharku ma Allah ke kawo shi. Me ya sa kake duba jadawali?"

Mutane suka kwashe da dariya, Baffa bai yi ba. Ya wanke hannu ya fita. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma ta fatar baki. Kawu ya yi nadamar kunyata shi a gaban yara, ya bi shi har sito ya ba shi haƙuri. Baffa ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da kowa ya san akwai.

A wannan zuwan ne ya ga wani ɗan Chadi yana aiki a ɗakin sanyi inda ake ajiye kaji, da 'yar riga shara-shara, leɓensa ya yi fari. Washegari Kawu ya koma da kwat ɗinsa ta jirgi, mai kauri kamar bargo, wadda ya yi shekaru yana shanyawa yana ninkewa, ya ba shi. Ni ban ma sani ba sai ranar makoki. Ina tsaye a ƙofa na ga mutumin ya zo da kwat a ninke cikin leda, idonsa ja wur, yana tambaya ko magada suna buƙatarta. A ranar da wasu ke ƙiyasta kujeru da ido, shi kaɗai ya zo da abu a hannu zai mayar. Na ce ya tafi da ita, ya rungume ta ya juya yana kuka.

Yanzu kwalaben. Suna cikin kabad a ɗakin kwanansa, kullum a kulle. Ƙanana ne na gilashi, ba su kai kwalbar lemo ba, an toshe bakinsu an liƙe da kaki, kowace an naɗe ta da tsumma an rubuta lambobi a jikinta da hannunsa. Ruwan tekun arewa ne, wani na sama, wani daga can ƙasa inda haske bai taɓa zuwa ba. Rarar da ba wanda ya damu da ita a lokacin ce, shi ya ƙi yarda a zubar, ya yi ta jan ta daga ƙasa zuwa ƙasa. Gab da ciwonsa wata tsohuwar ɗalibarsa, Baturiya, wadda ita ma yanzu ta yi furfura, ta ji labarinsu. Ta ce tsohon ruwa irin wannan da ba a taɓa buɗewa ba yana da wuyar samu, tana so ta gwada shi da na yau ta ga me ya canja. Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na makon ba. Suna cikin shirya yadda za a aika ciwo ya kayar da shi.

A gadon asibiti ya kama hannuna da hannunsa mai guntayen yatsu.

"'Yar nan, kar a buɗe su. In aka buɗe sun tashi aiki. Ki kai mata."

Na ce, "To, Kawu."

Baffa ne ya yi zirga-zirgar takardu, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya sha rana a kansu. Shi aka miƙa wa kayan mamaci a asibiti, har da makullai. Shi kuma ya ba Goggo, yayarsa, wadda ta girma a Jidda tana da rumfa a Balad, don ta fito da tabarmi da kofuna. Goggo kuwa in aka ba ta makulli ɗaya sai ta gwada shi a kowace ƙofa.

Ina kicin ina zuba gahawa na ji kabbara daga ɗakin kwana. Na saki buta na ruga. Na tarar da kabad a wangale, Goggo ta ɗaga kwalba sama, mata sun kewaye ta.

"Ya jama'a, Zamzam! Na da, na asali, tun ana jawo shi da guga! Wallahi haka uwata take ajiye nata, a liƙe. Allahu Akbar, bawan Allah, ashe abin da yake ɓoyewa ke nan!"

A wajenta lissafin a fili yake. Dattijo ne, mai salla, ya yi Hajji ba adadi, yana da ruwa a kulle a naɗe da tsumma. A garin nan wane ruwa ake yi wa wannan gata in ba Zamzam ba?

Na ce, "Goggo, don Allah ki ajiye. Ruwan teku ne. Na aikinsa ne, amana ce ya bar min."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Aib alaiki, ya binti, ki ji kunya. Teku ga shi nan a bayan gida, wa zai kulle shi a kabad? Ke dai ki ce albarkar kike so ki cinye ke kaɗai."

Na yi bayani, na rantse, na kawo zancen Baturiya, wanda ya ƙara ɓata lamarin. "Za ta ba kafira Zamzam!" in ji wata. Ina magana ina kallon hannaye suna shiga kabad suna fita, jakunkuna suna buɗewa suna rufewa a ƙarƙashin abaya. Matan da suka gama cewa Allah Ya jiƙansa ke nan. Da ƙyar na ture su na rufe kabad ɗin na jingina bayana da shi, kusan rabi ya tafi. Na roƙi Goggo makullin, ta ce na Baffa ne. Na aika wa Baffa, ya ce ba yanzu ba, yana tare da baƙi.

Asibitinmu ba ya ɗaukar kawu a matsayin makusanci, hutun yini ɗaya suka ba ni. Washegari da safe na biya gidan kafin in wuce aiki, na tarar Goggo ta tara mata za ta buɗe tata a gabansu, kowa ya samu tabarruki. Na ce kar ta yi. Ta fasa kakin da haƙori, ta fuskanci alƙibla, ta yi bisimilla, ta kafa kai.

Ta fesar da shi a kan kafet, tana kaki tana tofar da yawu. "Gishiri! A'uzu billahi, moya malha! Ɗaci!"

Na ce, "Ai na faɗa miki."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, za su ji kunya su dawo da abin da suka ɗauka. Ban san mutanena ba. Sai wata daga lungu ta ce a hankali, "Ruwan gishiri a liƙe da kaki, da lambobi a jiki. To me mutum yake yi da shi?" Wata ta ce, "Ku tuna fa yatsunsa." Wata ta dafe ƙirji. "Da bakinsa ya ce ya bar su can suna yi masa aiki!"

Shi ke nan. Jiya waliyyi ne mai ɓoye Zamzam, yau ya zama mai hulɗa da 'yan ruwa, wanda ya biya su da yatsu. Bakin da ya yi kabbara shi ya koma neman tsari, ko wanke shi ba a yi ba. Lokacin aiki ya matse ni. Na samu Baffa a waje na durƙusa na ce don girman Allah kar a taɓa kabad ɗin sai na dawo. Ya ce in je.

Da la'asar na dawo, tun daga matakala nake jin karatu. Na bi muryar har banɗaki. Baffa ne a tsaye, wani yana fasa kakin da ƙotar wuƙa yana miƙa masa, shi yana tuttulewa a masai, na ukunsu yana karatu da ƙarfi ya rufe hanci da gefen rawani, sai ka ce mushe suke ɗauka. Baƙar leda a gefe ta kusa cika da kwalabe wayam. Ɓarɓashin kaki ya watsu a kan tayil, suna taka shi da silifas.

Na yi ihu. Na ce, "Baffa, ku tsaya! Ruwa ne kawai! Shekarunsa ne kuke zubarwa!"

Bai ko juyo ba. "Kin san ƙasar da muke ciki. Kalmar sihiri ta fita daga layin nan ta kai kunnen hukuma, iƙamarki da tawa da ta kowa halas. Rufa masa asiri nake yi."

"Wane asiri? Ka san aikinsa! Ka fi kowa sani, kai ka yi musu da shi!"

A nan ya juyo. Na ga idonsa, na kuma gane ya sani sarai. Bai yarda da zancen 'yan ruwa ba ko na minti ɗaya. Tsoron da ya faɗa gaskiya ne, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya daɗe yana jira tun ranar Sallar nan. Ya ce, "Yalla, a fitar da ita." Na kai hannu kan kwalbar da ke hannun mai wuƙar, mata suka riƙe ni ta baya, suna cewa in yi haƙuri, shaiɗan ne. Ina ji aka ja ruwan masai.

Ruwan da mutum ya ɗebo a tsakiyar ƙanƙara da hannun da ya rasa yatsu, ya tsallake da shi ƙasashe, ya kare shi daga zafin Jidda, a masai ya ƙare, da karatu a kansa. Bayan sun gama suka wanke hannu da sabulu har gwiwa, suka koma suka ci abinci. Na ga Baffa ya nemi ƙari.

Saura waɗanda aka sace. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, daga Hindawiyya har lungunan Balad, ina sallama ina murmushin dole. Wadda na gani da idona tana cusa biyu a jaka ta ce ita ko ɗakin ba ta shiga ba. Wata ta ce ta zubar tun a daren, ta kuma wanke jakar da ruwa bakwai. Wata ta miƙo min kwalbar wayam da tsinken tsintsiya, don kar ta taɓa. Wata ba ta buɗe min ƙofa ba, ta ce ta taga in daina zuwa, tana da yara. Ba wadda ta ce min yi haƙuri. Goggo kuwa ta kwanta wai cikinta na juyawa tun da ta sha, ana ta zuwa duba ta da lemo.

Na kira Baturiyar na faɗa mata. Kunya ta hana ni faɗin masai, na ce an zubar bisa kuskure. Ta ce ta yi baƙin ciki saboda shi, ba saboda ruwan ba. Ta ce in Allah Ya sa ko ɗaya ta tsira da kakinta, ta isa a fara da ita. Na ce babu. Mai gida ya karɓi makullinsa, mukayyif ɗin ma ashe nasa ne. Kwanon gilashin kaɗai na ɗauka, ba wanda ya yi min gardama a kansa.

Inna ba ta samu zuwa ba, tana Maigatari. Ban gaya mata komai ba, na ga mutuwar yayanta ta ishe ta. Bayan an yi arba'in ta kira ni da hantsi, ina shirin fita.

Ta ce, "Goggonki ta aiko min da saƙo ta hannun wata mai Umra. Sai jiya matar ta kawo, wai ta manta shi a akwati cikin abayoyi. Kwalba ce. An ce Zamzam ne na da, na marigayi, in ajiye a yayyafa wa likkafanina."

Na zauna a bakin gado. Ashe tun a ranar farko, kafin ta ɗanɗana, Goggo ta ɗauki biyu, ta tura ɗaya gida don a ce ita ce mai zumunci. Da labari ya juya ta ja bakinta ta yi gum, ta bar tsohuwa da abin da ita kanta ta yarda na aljanu ne.

Na ce, "Inna, kin buɗe?"

"Ban buɗe ba."

Sai na rasa ta inda zan fara. Matar nan ta rasa ɗan'uwanta, ba ta ga gawarsa ba, ba ta da kabarin da za ta ce ga shi. An ba ta abu ɗaya an ce tsarkakakke ne daga hannunsa. Ni ce zan ce mata ruwan gishiri ne, ta miƙo in ba Baturiya?

Ta ce, "Ke, kin yi shiru. Tsammani kike ban san kwalbar Yaya ba?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Zuwansa na farko daga Turai da irinta ya zo. Ya aika aka sayo ƙanƙara a tasha, ya yi min abin zoɓon nan a kwanon Innarmu, sau biyu, don na farko ban gane ba. Kowa ya watse ya bar ni da shi. Zamzam a ina? Goggonki dai har ta mutu ba za ta yi hankali ba." Na ji tana juya kwalbar kusa da waya. "Wannan ta sama ce ko ta can ƙasan?"

Na ce sai an duba lambar. Na faɗa mata duka, har masai. Ba ta zagi kowa ba, ni kuwa na so ta zaga.

Ta ce, "Kakin yana nan lafiya, na naɗe ta cikin zanena na sa a ƙasan adaka. Ki gaya wa matar nan ta turo a ɗauka. Likkafanina ba ya buƙatar gishiri."

Na ce to.

"In sun auna kuma, a faɗa min abin da suka gani. Geron bana ma bai yi ba."

Na ajiye wayar na yi kukan da ban samu yi ba a falon nan mai warin nama. Mutanen da ke hango teku daga saman rufinsu ba wanda ya taɓa tambayar Kawu me ya gani a cikinsa. Inna ba ta taɓa ganin teku ba, kuma tana jiran amsa.

Allah Ka yi wa bawanKa rahama, Ka sanyaya masa makwanci, shi da ya san sanyi ya kuma san darajarsa. Kwalbar tana hanya.